Ruwan madara ko ruwan toka mai duhu: wanne bangon ɗaki zai iya ɗauka a Sakkwato?

Launuka biyu ne suka fi haɗa maigida da uwargida da mai fenti gardama a 'yan shekarun nan. Na farko tsohon hannu ne, wato ruwan madara, wanda da wuya ka sami gidan bulo daga Runjin Sambo zuwa Mabera da bai taɓa shan sa ba. Na biyu ɗan yayi ne, ruwan toka mai duhu da ya kusa kai launin gawayi, wanda hotunan falo a Instagram da TikTok suka sa masu sabon gini ke nema ido rufe. A jikin katin launi na shagon fenti kowannensu ya yi kyau. Sai dai katin bai san hunturun Sakkwato ba, bai san irin filastar da magininka ya yi ba, bai kuma san tagarka katangar maƙwabci take kallo ba. Waɗannan su ke yanke hukunci, kuma a mafi yawan gidajenmu ruwan madara suke ba gaskiya. Ruwan toka mai duhu yana da wurinsa, amma wuri ne ƙarami, kuma yana cin kuɗi.

Akwai maganar da ya kamata a fara kawarwa, domin ita aka fi yi kuma ita ce mafi rauni: wai fenti mai duhu yana ƙara wa ɗaki zafi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu da Mayu, dole mutum ya ji tsoron duk abin da aka ce yana ƙara shi. Amma launi yana aiki ne a inda rana ta sauka a kansa. Bangon waje da kwanon rufi suna shan rana tun hantsi, don haka duhu a can babban kuskure ne. Bangon yamma mai duhu zai sha zafi daga azahar zuwa magariba, ya riƙe shi cikin bulo, ya yi ta sakin sa a ɗaki har tsakar dare. Bangon ciki kuwa rana ba ta kai gare shi sai ɗan abin da ya ratso ta taga. Zafin da kake ji a ɗaki daga sama yake saukowa ta kwano da silin, sai kuma ta bangon da rana ta gasa daga waje. Ka shafa masa fari ko baƙi daga ciki, bambancin kaɗan ne. Inda kawai za a lura shi ne bangon da ranar la'asar ke faɗawa kai tsaye ta babbar taga marar labule. Wanda zafi ya dama, ya sa kuɗinsa a fentin waje mai haske, da kafofin iska tsakanin kwano da silin, da dogon yaro ko rumfa a gefen yamma. Launin ciki a zaɓe shi a kan wasu dalilan.

Haske

Garinmu rana ta yi masa yawa, amma ɗakunanmu duhu gare su. Tagogi ƙanana ne, galibi ƙafa huɗu-huɗu, ga ƙarfen tsaro, ga ragar sauro da ƙura ta toshe, ga labule mai kauri don kada na waje ya hango na ciki, sannan katanga tana tsaye taku uku daga tagar. Ɗan hasken da ya samu ya shigo, bango ne ke karɓar sa ya watsa shi cikin ɗaki, ko ya haɗiye shi. Kamfanonin fenti suna auna kowane launi da yawan hasken da yake mayarwa cikin ɗari, wasu ma suna rubuta lambar a katin launi kusa da harufan LRV. Ruwan madara yana mayar da kamar kashi 70 zuwa 80. Ruwan toka mai duhu yana tsakanin 10 da 20, sauran duk ya cinye.

Wannan lissafi yana fitowa da dare. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, idan ruwan madara ne, ƙwan LED biyu masu wat 10 ko 12 sun isa yara su yi karatu. Idan aka mayar da shi ruwan toka mai duhu, sai an kai uku ko huɗu, kuma a rarraba su, domin ƙwai ɗaya a tsakiyar silin zai haska tabarma ya bar kusurwoyi a dushe. Gidan da ke kan sola da batir ya san darajar kowane wat. In kuma aka ɗauke wuta aka koma ga fitilar caji guda, ɗaki mai haske ana ganin ko'ina ko da dishi-dishi ne, mai duhu kuwa iyakacin gewayen fitilar kawai za a gani.

Irin ƙwan ma yana canza launin. Mafi yawan ƙwayayen da ke kasuwa masu farin haske ne tas, ana rubuta 6500K a kwalinsu. A ƙarƙashinsu ruwan toka yana komawa shuɗi-shuɗi, ɗakin ya yi sanyin gani irin na ofis, ruwan madara kuma ya koɗe ya kusa zama fari. Masu 3000K haskensu ya karkata zuwa ruwan ɗorawa: suna ba ruwan toka ɗumi, amma suna iya mayar da ruwan madara ruwan ƙwai idan dama rawayarsa ta yi yawa. Masu 4000K su ne tsaka-tsaki, kuma su na fi ba da shawara ga launukan biyu in an same su.

Saboda haka kada a sayi bokiti kafin gwaji. A sayi ƙaramin gwangwani, ko a roƙi mai shago ya ɗan ɗiba, a shafa faɗin mita ɗaya hannu biyu, wato shafawa sau biyu, a bango biyu, ɗaya mai kallon taga, ɗaya na gefenta. A bari ya bushe sarai, domin launin ɗanyen fenti ba shi ne na busasshe ba. A duba shi da hantsi, da la'asar, da dare da wuta, da dare da fitilar caji. Kwana biyu ke nan, kuma sun fi shekara uku ana kallon abin da ba a so.

Ƙura da dauɗa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana ɗauko ƙura mai laushi ƙwarai daga Sahara, kuma babu taga ko ƙofar da ke hana ta shiga. A kan wannan ga jar ƙasar unguwannin da ba a kwalta ba. Duk wanda ya taɓa ajiye baƙar mota da fara wuri ɗaya cikin hunturu ya san wadda ke fara neman wanki, to haka bango yake. Launin ƙurar ya yi kusa da ruwan madara, don haka tana kwanciya a kai ba a gani. A kan ruwan toka mai duhu kuwa, mako biyu sun isa ka ga bangon ya yi furu-furu, musamman saman sikatin da ke bin gindin bango, gefen firam ɗin hotuna, da bayan talabijin. Yaro ya ja yatsa, layin ya zauna. Yanar gizo ma a kan duhu take fitowa fili. Sauro kuma wuri mai duhu yake son laɓewa da rana, kuma a kan irin wannan bango ba za ka gan shi ba balle ka kashe.

Kada a ce ruwan madara ba shi da nasa laifin. Shi dauɗar hannu ce abokiyar gabarsa: kewayen makunnin wuta, bakin ƙofa, wurin da ake dafawa a cire takalmi, da bayan kujera inda man kai ke barin tabo. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro na kunnawa suna sa shi ya yi baƙi-baƙi a kusurwar da aka saba ajiye kasko, a hankali har zuwa silin. Manja, lalle da biron yara duk suna nunawa. Waɗannan ruwan toka yana ɓoye su. Amma ka lura da bambancin. Dauɗar ruwan madara a wurare sanannu take taruwa, ana iya gogewa ko a sake shafa wurin. Ƙurar ruwan toka ko'ina take, kuma gobe za ta dawo.

Sannan akwai ƙarzuwa. Fenti mai duhu marar sheƙi, wanda masu sayarwa ke kira mat, in kujera ta goge shi ko aka murza shi da tsumma, wurin sai ya yi ƙyalli, kuma ba ya komawa. In mai araha ne da aka cika da garin alli don ya yi kauri, ko farce ya ja shi sai farin layi ya fito. In ƙusa ta ɓantare shi, farin sikiridin da ke ƙasa, wato kwaɓin da ake shafa wa filasta don ta yi santsi, ya leƙo. Shi ya sa wanda ya nace sai duhu, ya sayi fenti mai ɗan sheƙi, satin ko siliki mai kyau, wanda ake iya gogewa da ɗanyen tsumma. Araha ba ta ado, kuma a launi mai duhu ne wannan magana ta fi tabbata. Ruwan madara kuwa ko na tsaka-tsakin kuɗi ne yana rufa asiri.

Bangon da kansa

A nan ne yawancin aikin ruwan toka ke lalacewa tun kafin a buɗe bokiti. Satin yana da sheƙi, sheƙi kuma yana tona duk tudu da kwarin da ke jikin filasta, balle in haske ya biyo bangon daga gefe. Ga hanyar gwaji mai sauƙi: da dare ka kashe wuta, ka manna tocila a jikin bango ta haska shi a kwance. Duk inuwar da ka gani, fenti mai duhu zai nuna ta da rana. In bangon ya yi ta igiya-igiya, ko dai a yi masa sikiridin na gaske ko a haƙura da duhu.

Sikiridin hannu biyu ake yi, sirara, ba ɗaya mai kauri ba, domin mai kauri yana tsagewa in ya bushe. Bayan na farko a goge da sanfefa mai lamba 120, bayan na biyu da 180 ko 220. A share garin tas da tsintsiya mai laushi, a bi da tsumma mai ɗan laima. Garin da aka bari shi ne ke sa fenti ya ɓare falle-falle bayan wata shida. Tsaga siririya a ɗan buɗe bakinta da wuƙar fila, a share, a cike, a goge. Tsagar da ta bi layin bulo ta sauko a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ake cikewa tana sake buɗewa, ba aikin mai fenti ba ce, a kira magini. In tsohon fentin mai ne a bangon, kada a goge shi a bushe yara suna kusa, domin wasu tsofaffin fentin mai suna da dalma. A jiƙa sanfefar, a rufe hanci, a kwashe dattin a fitar.

Sabuwar filasta tana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin fenti, in damina ce ma fiye. Masu gaggawar tarewa kafin biki su ne suka fi faɗawa wannan rami. Siminti ɗanye yana da kaifin da ke cin launi, ruwan da ke cikinsa kuma in zai fita yana ɗauko gishiri ya ajiye shi a fuskar bango, fari fat. A kan ruwan madara ba kowa zai lura ba. A kan ruwan toka mai duhu daga bakin ƙofa za a hango shi. Don a tabbatar bango ya bushe, a manna leda mai faɗin kamar kamu biyu da tef ta kowane gefe, a bar ta kwana ɗaya. In an ɗaga aka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, da sauran ruwa. Inda gishirin ya riga ya fito a tsohon gini, a kankare shi a bushe da buroshi mai tauri, kada a wanke da ruwa, don ruwan zai mayar da shi ciki ya sake fitowa. Sannan a nemo tushen laimar: bututun da ke yoyo a bangon banɗaki, indararo da ke zuba a gindin gini, ko harsashin da ba a sa masa leda ba. Bangon da ke jingine da banɗaki ko wurin wanke-wanke, ni dai ban yarda a yi masa launi mai duhu ba ko da an gyara.

Faraima, wato shafin share fage da ake yi kafin ainihin fenti, ba ado ba ce. Sikiridin yana shan ruwa, kuma ba daidai yake sha ba: wani wuri da yawa, wani kaɗan. Fentin da aka shafa kai tsaye zai bushe dabbare-dabbare. Ruwan madara yana iya ɓoye wannan, duhu ba ya iyawa. In ruwan toka za a yi, a sa mai shago ya ɗan rina faraimar ta zama toka-toka, domin fari a ƙasa yana leƙowa ta duk inda rola ta yi sauƙin hannu.

Nawa za a saya

Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato mita 3.6 kowane gefe, da tsayin mita 3, kewayensa mita 14.4 ne. A ninka da 3, ya ba da murabba'in mita 43. A cire ƙofa ɗaya da taga biyu, kamar mita 5, saura 38. Imalshan mai kyau, wato fentin ruwa, a kan bango mai santsi da aka yi wa faraima, lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10. Ruwan madara hannu biyu ya isa: 76 ke nan, kusan lita 8, galan biyu masu lita 4. Ruwan toka mai duhu a lissafa masa hannu uku in ba a rina faraima ba: 114, kusan lita 12, galan uku. Falo mai mita 4.5 da 6, bayan cire ƙofofi da tagogi, zai kai kamar murabba'in mita 55. Hannu biyu lita 11, hannu uku lita 16 da rabi, gara a ɗauki bokiti mai lita 20. In filasta ce tsurarta ba sikiridin, ko fentin na ƙasa-ƙasa ne, lita ɗaya ba za ta wuce mita 6 ko 7 ba, sai a ƙara. A koyaushe a duba abin da aka rubuta a jikin bokitin, a kuma ɗauka cewa lambar kamfani ta bango mafi santsi ce.

A sayi duka a rana ɗaya, a shago ɗaya, masu lambar haɗi ɗaya. In da hannu aka haɗa launin a shago, ana zuba kala cikin farin fenti ana juyawa, ba yadda za a yi bokiti biyu su zo daidai. Maganinsa a juye duka a babban mazubi ɗaya a gauraya kafin a fara. Ɗan bambanci a ruwan madara ido yana yafewa. A ruwan toka kuwa bango ɗaya zai karkata shuɗi, ɗayan ya karkata kore, su haɗu a kusurwa.

Sai batun ruwa, inda rigima da mai fenti ta fi yawa. Za ka ji ya ce, "Alhaji, wanga fenti ya yi kauri, sai an sassauta shi." Gaskiya ne ana sirkawa, amma da awo. Hannun ƙarshe kada ruwa ya wuce kashi 10 cikin ɗari, wato lita 2 a bokiti mai lita 20, sai in kamfanin ya rubuta wani abu daban. In ya wuce haka, ɗankon da ke riƙe launin ya yi rauni, fenti ya bushe yana barin gari a tafin hannu da jikin riga. Ruwan kuma ya zama mai tsabta. Ruwan rijiya mai zartsi ko mai laka yana dushe launi. Abin da ya fi shi ne maigida ya sayi fentin da kansa, ya biya kuɗin aiki daban, kuma a buɗe bokitin a gabansa.

Ranar aiki

Iskar Sakkwato a hunturu da bazara busasshiya ce ƙwarai, fenti yana bushewa tun rola ba ta dawo ba. Idan sabon layi ya hau kan wanda ya fara bushewa, wurin ya zama hannu biyu, sauran hannu ɗaya, sai ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa. Wannan ne ciwon fenti mai duhu da aka fi gani a gidaje, kuma ba laifin fentin ba ne. A fara da sassafe, a tsaya kafin rana ta take. A kashe fanka, a rufe tagogin da iska ke bugowa, a yayyafa ruwa a tsakar gida don ƙura ta kwanta. Mutum biyu su yi bango ɗaya: ɗaya yana bin gefen silin da kusurwa da buroshi, ɗayan yana biye da shi da rola nan take tun gefen bai bushe ba. In aka bi gefen ɗaki duka da buroshi tukuna sannan aka dawo da rola, za a sami firam mai duhu kewaye da kowane bango. Ba a tsayawa a tsakiyar bango don amsa waya ko cin abinci, sai an kai kusurwa. Rola mai gajeren gashi ta fi dacewa da bango mai santsi, kuma bugun ƙarshe ya zama daga sama zuwa ƙasa, duk ta fuska ɗaya. Tsakanin hannu da hannu a bar awa 2 zuwa 4 ko abin da bokitin ya ce, ko da an taɓa an ji ya bushe.

A damina matsalar takan juya. Laima tana hana shi bushewa, kuma launi mai duhu da aka cika wa kala yakan yi hawaye, wasu layuka masu ɗan maiƙo su gangaro. Ba a sake shafa fenti a kansu, ana bari ya ƙara bushewa a goge da tsumma mai laima. A ganina ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ne lokacin da ya fi, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta kankama ba. Ko yaushe aka yi, kada a wanke bango ko a jingina masa kujera sai bayan mako biyu zuwa huɗu, lokacin ne fentin ke gama ƙarfi.

Kayan ɗaki

Kowane ɗayan launukan nan yana da wani launi a ɓoye. Ruwan madara akwai mai karkata rawaya, akwai mai karkata ruwan hoda. Ruwan toka akwai mai shuɗi, mai kore, da mai ruwan ƙasa. A ɗora katin a kan farar takarda, ɓoyayyen zai fito. Sannan a kai shi kan tayil, domin tayil ne ba ya canzuwa. Tayil ruwan ƙasa ko ruwan madara, irin wanda ya fi yawa a gidajenmu, ba ya shiri da toka mai shuɗi. Ƙofofin katako da kujeru ruwan goro ko ruwan ƙasa sun fi zama da ruwan madara. Fararen kujeru masu ratsin zinari da farin gado kuwa a gaban ruwan toka suke fitowa, kuma nan ne wannan launi ya yi wa ruwan madara nisa. Ango da ke gyaran gida kafin jere ya aika a tambayi dangin amarya launin kujeru da labule kafin ya sayi fenti. Kayan sun fi fentin tsada nesa ba kusa ba, kuma ba za a mayar da su ba.

Haɗa su

Mafi yawan masu son ruwan toka, bango ɗaya ya ishe su. A falo, bangon da talabijin ke jiki, domin baƙin gilashin yana ɓacewa a cikinsa, wayoyi ma ba sa ɗaukar ido. A ɗakin kwana, bangon kan gado. Kada ya zama bangon da ke fuskantar taga, don shi ne ke karɓar haske ya raba wa ɗaki. Kada kuma ya zama wanda tagar ke jikinsa, don hasken tagar a tsakiyar duhu yana kashe ido. Silin a bar shi fari ko da me aka yi a ƙasa.

Ɗaya hanyar tsohuwa ce, an daɗe ana yin ta a makarantu da asibitoci, kuma ta dace da zaure da baranda da ɗakin yara: duhu a ƙasa inda hannu da ƙafa ke kaiwa, haske a sama. A fara shafa ruwan madara har ya ɗan gangaro ƙasa da inda layin zai bi, a bar shi ya kwana biyu. A auna mita 1 zuwa 1.2, amma kada a bi daɓe da awo, don daɓe ba kasafai yake daidai ba. A fitar da layin da tiyon ruwa irin na magina, a buga zare mai alli. A manna tef ɗin takarda a saman layin, a danne bakinsa da farce, a shafa ruwan madara siriri a kan bakin tef ɗin don ya toshe kafofin da duhu zai iya kutsawa. In ya bushe a shafa ruwan tokan, a cire tef tun hannun ƙarshe bai gama bushewa ba, ana ja a hankali a karkace. Tef ɗin da ya kwana a zafin bazara yakan taho da fentin ƙasa.

Gyara daga baya ma ba ɗaya ba ne. Tabo a ruwan madara mat ana iya bin sa da ɗan buroshi ya saje. A ruwan toka satin facin zai fito, sai dai a sake bangon daga kusurwa zuwa kusurwa. Don haka a rage lita ɗaya a ƙaramar roba mai murfi da ta cika har baki, a rubuta sunan ɗaki da lambar launi a jiki, a ajiye ta a inuwa nesa da kwanon rufi. Mai zama a gidan haya kuma ya yi magana da mai gida kafin ya taɓa duhu, domin mayar da bangon gawayi zuwa ruwan madara yana cin faraima hannu ɗaya da fenti hannu biyu, wani lokaci uku, kuma galibi ɗan haya ake ɗora wa kuɗin ranar tashi.